Abubakar Imam da Sunayen da Suka Kewaye Shi, Daga Kagara Har Zangon Agege

Wa da ƙani ne, uba ɗaya ya haife su, littattafansu kuma sun fito a shekara guda, 1934, amma duniya ta san ɗaya da Bello Kagara, ɗayan kuma da Abubakar Imam. Wan, mai Ganɗoki, ya riƙe sunan garin haihuwa, yadda aka saba a makarantun Turawa na farko, inda malami kan tarar da masu suna ɗaya rututu a aji, sai ya raba su da sunayen garuruwansu. Ta haka aka sami Ahmadu Rabah tun kafin a san shi da Ahmadu Bello, haka Isa Kaita da Aminu Kano da Shehu Shagari. Ƙanen, mai Ruwan Bagaja, a tsofaffin takardu Abubakar Imam Kagara ne. A hankali Kagara ta saki, Imam ya zauna.

Bahaushe kuwa a bakinsa ba ya cewa imam, liman yake cewa. Kalmar ta shigo daga Larabci da "al" ɗinta a goshi, baki ya haɗiye alifin ya bar lam ɗin manne da ita, kamar yadda ya yi wa littafi da labari da lahira da laifi da lokaci. Imam siffar takarda ce, liman siffar baki. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya gan su a gida ɗaya: tauraron labarin Alhaji Imam ne, wanda ya rene shi kuma Liman, wanda aka kunyata a fada don ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan Sarki. A ganina aikin marubucin nan duka a tsakanin waɗannan siffofi biyu yake. Ya tarar da Hausa tana da rai a baki, ya tarar da ita lami a takardar Turawa, ya kwashe rayuwarsa yana sulhunta su.

An haife shi a 1911 a Kagara, cikin jihar Neja ta yau, garin da Kamuku da sauran ƙabilu suka kewaye, nesa da Kano da Daura. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, zuriyarsu kuwa daga Borno ta taso. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fito a 1932, ya kama koyarwa a Midil ta Katsina. Shekara ɗaya da fara aikinsa Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labari mai tsawo daga kansu, a yi gasa. Imam yana ɗan shekara 22 ya aika da nasa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: nasa, da na wansa, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa.

Babbar wahalar East a wannan zagaye ita ce abin da yake nema ba shi da suna. In ya ce tatsuniya, malamai su kau da kai, domin tatsuniya ta dare ce, ta tsofaffin mata da yara, ta Gizo da Ƙoƙi. In ya ce labari, labari abin da ya auku ne, mutum kan tambayi wanda ya dawo daga tafiya ina labari don ya ji gaskiya. Tarihi na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe, ƙissa ta annabawa ce da sahabbai, almara kuma gajeruwa ce, ta gwada wayo. East ya rubuta daga baya cewa malamai da yawa sun ga zama a shirya abin da bai faru ba a sa shi a takarda bai dace da girman malami ba. Takarda a wurinsu gidan gaskiya ce, alƙalami kuma ba a tsoma shi a tawada don wasa. Sunan da masana suka tsayar daga baya, ƙagaggen labari, har yau yana ɗauke da wannan zargi a cikinsa, tun da kowa ya san abin da ake nufi in an ce an yi wa mutum ƙage.

Haka ma kalmar adabi. Ita da ladabi tushensu ɗaya ne a Larabci, ɗaya ta biyo ta takarda, ɗaya ta biyo ta baki, daidai da imam da liman. Shi ya sa Bahaushe bai taɓa yarda ya raba su ba: littafin da bai koyar da ladabi ba, da wuya dattijo ya kira shi adabi. Imam ya gane wannan tun da wuri. A Magana Jari Ce, wanda ya rubuta a Zariya a 1936 aka buga shi kashi uku tsakanin 1937 da 1939, bai saki labarai haka kawai ba. Ya sa su a bakin aku, akun kuma yana ba da su ne don ya tsare ɗan Sarki daga fita zuwa halaka, daga baya ya zama waziri, a ƙarshe ya zauna yana horon ɗansa. Da wannan dabara ƙage ya sami izinin shiga zaure. Sunan littafinsa na farko ma daga ɗakin kakanni ya ɗauko shi, domin ruwan Bagaja tsohuwar tatsuniya ce, ta 'yar bora da aka tura wankin ƙirgi a wani ruwa mai nisa. Salon ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe kuwa daga Maƙamat na Hariri ya koyo shi, littafin da malaman zaure ke girmamawa.

Sai babbar kalmar, boko. An daɗe ana koya wa yara cewa daga kalmar Turanci mai nufin littafi ta fito. Masanin harshe Paul Newman ya warware wannan a 2013, ya nuna cewa da daga can ta zo, da buku ko bukku za mu ji a bakin mutane. Boko tsohuwar kalmar Hausa ce, ma'anarta jabu, algus, abin da aka shirya don a ruɗi ido, kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo ta da wannan ma'ana. Tsofaffi sun san amaryar boko: ranar kai amarya a lulluɓe wata a ɗora ta bisa doki, jama'a su bi ta da guɗa, amaryar gaskiya kuwa a bi da ita ta wata hanya a ɓoye. Da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, iyayenmu suka dubi wannan karatu da ba ya farawa da Bisimilla, suka ce boko ne. Hukunci suka yanke masa a cikin kalma ɗaya. Nauyin hukuncin bai gushe ba, mu da muka ga abin da aka aikata a Borno da Yobe ƙarƙashin laƙabin da ke ɗauke da wannan kalma mun san haka.

Abin lura shi ne ɗaya rubutun namu ma sunansa na baƙunta ne. Ajami a Larabci yana nufin abin da ba na Larabawa ba. Da shi Nana Asma'u ta yi waƙoƙinta na Hausa, da shi fatake suka riƙa aika wasiƙu daga Gwanja zuwa Kano, shi ne kuma a jikin takardun naira har 2007, lokacin da aka cire shi daga ƙananan kuɗi aka sa boko. Ke nan Hausa tana da hannu biyu na rubutu, ɗaya sunansa yana cewa ba Larabci ba ne, ɗaya yana cewa ba na gaske ba ne. Imam ya tashi da na farko a gidan malamai, ya yi aiki da na biyu, kuma shi ne ya fi kowa wanke shi daga zargin jabu. A zamaninsa ne, cikin shekarun 1930, aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, don a raba ƙafa da kafa, a raba ɗaki da daki. Amma haruffa kaɗai ba sa sa mutum ya so rubutu. Abin da ya ja mutane shi ne sun ji ana karanta takardar boko a dandali, sai ga maganarsu tana fitowa daga ciki da karin maganarta da habaicinta da kirarinta, ba a tauye ta ba.

Jaridar da ya riƙe daga Janairun 1939 ita ta kai wannan Hausa ƙauyuka. Gaskiya Ta Fi Kwabo sunanta, kwabo ɗaya kuma kuɗinta, a zamanin da kwabo 12 ke yin sule, ana ciniki da taro da sisi da ahu da anini. An kafa ta a lokacin da jita-jita ta cika kasuwanni cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus, don haka sunan alkawari ne ga mai saye: abin da za ka karanta ya fi abin da ka biya. Kwabo kansa daga kalmar Turanci mai nufin jan ƙarfe ya fito, shi ne kuma aka bai wa ƙaramin kuɗin ƙasa da aka shigo da naira a 1973. Daga jaridar sunan ya bi kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945. A 1943 Imam yana cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma da suka je Ingila, har da Nnamdi Azikiwe, tafiyar da ta haifi littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya bar kujerar edita a 1951, ya taɓa siyasa har ya zauna a Majalisar Wakilai a Ikko, sannan ya koma aikin hukumomin gwamnati. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981.

Bayan rasuwarsa aka shiga jayayya a kan wane suna za a ba abin da ya yi. Masu bincike, musamman Farfesa Ibrahim Malumfashi, sun bi sawun labaran Magana Jari Ce ɗaya bayan ɗaya, suka gano da yawa daga Alfu Laila suke, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm, akun kansa kuma yana da magabata a littattafan Indiya da Farisa. East ne ya tara masa littattafan ya ce ya karanta. Daga nan wasu suka ce ashe fassara ce. Wasu matasa, da suka saba jin 'yan fim na Kano suna cewa wankiya in an juye fim ɗin Indiya, suka ce ai shi ma wanki ya yi. Malaman jami'a sukan ce baddalawa ko Hausantarwa, kuma su ne suka fi kusa da gaskiya.

A ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. A wurin Grimm wata kuku ce ta cinye kaji biyu da maigida ya sa a gasa wa baƙo, ta ce wa baƙon wuƙar da ya ji ana wasawa ta yanke kunnuwansa ce, ya ruga, ta ce wa maigida baƙo ya gudu da kaji. Imam ya mai da kuku matar gida, ya ba ma'auratan sunaye masu amo ɗaya irin na tatsuniya, ya kafa labarin a kan abin da ya fi ci wa Bahaushe rai, wato kunyar baƙo da mutuncin maigida a idon gari. Yaron da ya karanta shi a firamare a Gusau ko Maraɗi bai taɓa jin ƙamshin Jamus a ciki ba. Mai fassara bawan asali ne, duk inda asali ya taka nan zai taka. Imam kuwa ƙashin labari kawai yake ɗauka.

Mutanen Agege ta Legas ba sa bukatar dogon bayani a nan, don sana'ar kakanninsu ke nan. Goro ba ya tsiro a Kano ko Katsina. Daga Gwanja aka fara kawo shi, har Yarbawa suna kiran irin da muke ci gbanja, sannan aka dasa shi a gonakin kurmi irin na Agege, jirgin ƙasa da ya haɗa Ikko da Kano a 1912 ya riƙa kwasarsa huhu-huhu zuwa Arewa. Duk da haka ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a ƙasar Hausa sai da shi, kuma Bahaushe ne ya raba shi marsa da minu da daushe, ya ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya. Ba wanda ya taɓa tsayawa a wurin ɗaurin aure ya ce goron nan baƙo ne. Labaran Imam haka suke.

Wannan ciniki ne ya kafa Zangon Agege. Zango asalinsa wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana ya wuce, amma a Agege da Kumasi da sauran garuruwan kurmi an sauke kayan ba a sake ɗauka ba, har aka naɗa Sarkin Hausawa, aka gina masallatai, aka binne iyaye. Birnin ma muna da namu sunan da muke kiransa, Ikko, daga Eko na Yarbawa, tun kafin Legas ta zauna a bakinmu. A yau akwai gidaje a Agege da Idi-Araba da Obalende waɗanda kaka da uba da jika duk a nan aka haife su. Suna jin Hausa, suna jin Yarbanci kamar 'yan gari, suna jin Turancin titi. Abin da yawancinsu ba su samu a makaranta ba shi ne karatun Hausa, domin a makarantun gwamnatin Legas harshen gida da ake koyarwa Yarbanci ne.

Wata Juma'a bayan an sallame, na tsaya gaban wani dattijo mai shimfiɗa littattafai a tabarma kusa da masallaci. Ga Ahalari da Ishiriniya da Ƙawa'idi, ga tasbaha da kwalaben turare, a gefe kuma Magana Jari Ce na ɗaya, bangonsa ya koɗe da rana. Wani saurayi ya tsuguna ya buɗe, ya fara karantawa a hankali yana bin layi da yatsa. Ya san haruffan, amma duk inda ya tarar da mai lanƙwasa sai ya miƙar da shi. Dattijon ya saurara, ya ce, "Ɗana, ba kofa ba, ƙofa. Ai ka iya faɗinta, dubi ƙugiyar da ke kanta." Saurayin ya ce, "Baba, wallahi ban san wannan alamar ita ce wannan sautin ba. A waya ba ma sa ta." Ya sake karanta layin, wannan karon daidai, ya yi dariyar jin daɗi, ya ci gaba har ƙarshen shafi kafin ya tambayi kuɗin littafin.

Irin wannan saurayi ne in ya je Arewa hutu ake ce masa ɗan kurmi, a ce Hausarsa ta gurɓata, don ya ce oga ko ya ce zai hau danfo. Wannan magana tana ɓata mini rai, kuma tarihin harshen bai goyi bayanta ba. Agogo da ashana da akwati da akawu duk daga Yarbanci muka karɓe su, ta hannun irin waɗannan mutane na zango, yanzu kuma ba mai jin su baƙi. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne a kan karin Kananci, amma wanda ya fi kowa ba ta siffa a rubuce jikan Barebari ne, haifaffen Kagara, wanda ya yi karatu a Katsina ya yi aiki a Zariya. In ana neman Hausar asali da ba ta taɓa cuɗanya da kowa ba, ba a littattafan Imam za a same ta ba.

Wasu al'ummai sun sha irin wannan gardama fiye da mu. A Kuroshiya akwai Miroslav Krleža, babban marubucinsu na ƙarni na 20, wanda aka haifa a Zagreb a 1893, ya rasu a 1981, shekara ɗaya da Imam. A 1936, daidai lokacin da Imam ke Zariya yana rubuta labaran aku, shi kuma ya fitar da wani kundin waƙoƙi da karin harshen yankin Zagreb, wanda masu ilimi suka raina suka bar wa ƙauyawa, kuma kundin nan yana cikin abin da mutanensa suka fi alfahari da shi a yau. Ya shugabanci cibiyar ƙamus da kundin sani ta Yugoslabiya tun daga 1950, cibiyar da yanzu ke ɗauke da sunansa. A 1967 ya sa hannu a wata sanarwa da ke neman a kira harshensu da sunansa shi kaɗai, a daina haɗa shi da na Sabiyawa a suna guda, abin da ya sa ya bar kujerarsa a kwamitin ƙoli na jam'iyya mai mulki. Mu ba a taɓa yi mana jayayya da sunan harshenmu ba. Tamu jayayyar a cikin gida take, a kan wa ya isa a ce Hausarsa Hausa ce.

Jayayyar ta sake tashi a farkon shekarun 1990, lokacin da matasa da matan aure suka cika kasuwa da littattafan da suka buga da kuɗinsu, irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Aka raɗa musu Adabin Kasuwar Kano, aka kira su littattafan soyayya, aka auna su da Magana Jari Ce aka ce ba su kai ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu da wasu suka tsaya musu. Masu sukar sun yi gaskiya a kan sakacin rubutu da rashin tacewa, amma sun manta cewa abin da suke aunawa da shi ma a zamaninsa boko aka kira shi. Littattafan nan sun sa mata da yawa sun koyi karatu a cikin ɗakunansu, har a Agege, inda akan kawo su daga Kano a ba da haya. Da Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar gajerun labarai ta mata a 2016, sai ya koma ga tsohuwar kalmar malamai ya kira ta Hikayata, sunan da ba shi da zargin ƙage kuma ba shi da ƙanƙancin tatsuniya.

Abin da nake roƙon masu makarantun Islamiyya na Agege da iyayen yara ba shi da tsada. A ware sa'a ɗaya a mako, a sa yara su karanta Hausa da babbar murya, boko da ajami, a fara da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, waɗanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, da aka kafa a 1966, ya daɗe yana bugawa. Yaron da ya riga ya iya magana kuma ya san haruffan Turanci, ƙugiyoyi uku da 'yan ƙa'idojin raba kalma ne suka rage masa. In ya iya, a bar shi ya rubuta abin da ya sani: 'yan goro da jirgin ƙasa, mahautan Oko-Oba da ke fita tun kafin asuba, 'yan acaba da aka hana aiki a wasu sassan birnin a 2022, yarinyar da uwarta Bayarabiya ce ubanta Bakatsine, kuma ya rubuta su da Hausar da suke magana da ita a Agege.